Kiwon kifi a cikin birni: kowa na kukan abinci, amma ruwa ne ke cinye jarin

Duk inda masu kiwon tarwaɗa suka haɗu a Kano yanzu, zancen ɗaya ne: buhun abinci ya yi tsada. Gaskiya ne kuwa. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, duk abincin da ake shigowa da shi ko ake haɗawa da kayan waje ya bi ta. Abinci kuma shi ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo. To amma ga mai kwami a tsakar gida a Yakasai, ko Gwammaja, ko Ƙofar Mata, akwai abin da ya fi wannan haɗari, kuma ba a cika lissafa shi ba. Ruwa ne: daga ina zai shigo, da me za a turo shi, kuma ina zai tafi idan ya lalace.

Dalilin da ya sa maganar ta taso yanzu shi ne yadda mutane ke amsa tsadar. Da riba ta ragu a kan kowane kifi, sai dabara ta zama a ƙara yawa. Mai tamfol ɗaya ya gina kwamin siminti, mai ɗari uku ya zuba dubu. A takarda abin ya yi kyau, tunda kasuwa tana nan. Najeriya na buƙatar kifi kusan tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa bai kai rabin haka ba, kuma 'yan sari a Kasuwar Galadima ba sa mayar da tarwaɗa mai nauyi. Sai dai an ƙara girman kwami ne a daidai lokacin da turo ruwa ya fi kowane lokaci tsada. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta bar ƙasa da naira 200 ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Janaretan da ake tayarwa kullum don sauya ruwa ya koma na bayan kwana uku ko huɗu. Ruwan famfo daga Tamburawa da Challawa kuwa, mutanen cikin gari sun fi ni sanin sau nawa yake zuwa.

Bari mu yi lissafi da kwami mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, zurfin ruwa mita 1. Lita 12,000 ke nan, wato jarka 480 irin ta 'yan garuwa mai lita 25. A ce an zuba kifi 1,000, sun kai rabin kilo kowanne. Za su ci kamar kilo 10 na abinci a rana. Kowane kilo na abinci mai yawan sinadarin gina jiki yana barin kusan giram 30 na amoniya a ruwa, wadda kifin ke fitarwa ta matsefatansa da kashinsa. Giram 300 ke nan kullum, miligiram 25 a kowace lita. Ko da kana zubar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan kowace safiya, jarka 160, a lissafi amoniyar za ta ci gaba da taruwa har ta tsaya tsakanin miligiram 50 zuwa 75. Gansakuka da iska suna ɗan rage wani abu, amma ba su kai su ceci kwamin ba. Yanzu ka ɗauka an tsallake kwana uku saboda babu kuɗin mai.

Tarwaɗa tana yaudarar mu da juriyarta. Tana iya shaƙar iska daga saman ruwa, don haka ba ta mutuwa nan take kamar karfasa. Sai dai ta rage ci, girma ya tsaya, gashin baki ya fara zaizayewa, fata ta yi gyambo. Mai kifi ya ce cuta ce ta shigo, ya ruga ya sayo maganin ƙwayoyin cuta ya juye a ruwa. Kuɗin maganin nan da mai aka saya da shi, da ya fi amfani. Kuma abincin da aka sayo da tsada, wanda ya kamata kilo ɗaya da ɗan ɗori ya ba da kilon nama, ya koma sai an ci kusan biyu. Ka ga asarar da ake ɗora wa abinci, rabinta ruwa ne ya jawo.

A nan akwai abin koyo daga wasu mutane da ba su da alaƙa da kasuwa ko kaɗan. A Amurka da Turai akwai masu ajiye kifin teku da murjani mai rai a manyan tankunan gilashi cikin falo, don sha'awa kawai. Su ruwansu haɗa shi suke yi, gishirin teku kusan giram 35 a kowace lita, don haka ba su da halin zubar da shi kullum. Abin da suke sauyawa bai fi kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba a mako ɗaya ko biyu. Ta yaya ruwan ke zama da kyau? Suna zagaya shi ta cikin duwatsu masu ƙofofi, inda wasu ƙananan halittu masu amfani ke zaune suna mayar da amoniya wani sinadari marar ƙarfin guba, kuma ba sa ƙara kifi sai gwaji ya nuna ruwan zai ɗauka. Ba cewa nake mu kwaikwayi kayansu ba, kuɗin fitilarsu kaɗai ya isa jarinmu. Amma halittun nan suna rayuwa a ruwan daɗi ma. Duro biyu na roba sun isa a fara: na farko ya tare kashi da ragowar abinci su kwanta a ƙasa a riƙa zubarwa, na biyu a cika shi da tsakuwa ko tsohuwar raga ko murafan gora, ƙaramin famfo yana zagaya ruwa ta ciki. Yana ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin halittun su kafu. Abu biyu ke kashe su: ruwa ya tsaya na sa'o'i da yawa, da kuma maganin nan da ake juyewa barkatai. Shi ya sa matatar da ta dogara da wutar KEDCO kaɗai ba matata ba ce, sai da sola da ɗan batir. Ba za ta hana sauya ruwa gaba ɗaya ba, amma za ta rage shi sosai.

Sai ruwan da ake shigowa da shi. Rijiyoyi da dama a cikin birni zartsi gare su, wasu kuma suna dab da masai. Tarwaɗa tana jure ɗan gishiri, har ma akan sa mata giram ɗaya zuwa biyu a lita idan ta galabaita. Abin tsoro shi ne ruwa mai kaifin kanwa. Idan awon pH ya tashi daga 7 zuwa 8, ɓangaren amoniyar da ke da guba yana ninkawa kusan sau goma, zafi kuma yana ƙara masa. Wannan ne ya sa kwamin da ya zauna lafiya da hunturu yake rikicewa a Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, rijiyoyi sun ja baya, 'yan garuwa sun ƙara kuɗi. Maƙwabta biyu, abinci iri ɗaya, 'ya'yan kifi daga wuri ɗaya, ɗaya ya ci riba ɗaya ya kwashe gawa, sai a fara zargin baki ko hassada. A gwada rijiyoyin biyu tukuna. Ruwan famfo idan ya zo, a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba, saboda sinadarin kulorin. Na burtsatse kuma a sako shi daga sama yana fantsama don ya sha iska.

Inda ruwan zai tafi shi ne abin da zai iya rufe sana'ar a cikin ganuwa, ba ma tsada ba. Lita dubu huɗu na ruwa mai ƙarni kullum a kwatar lungun da ko kura ba ta shiga, rigima ce da za ta ƙare a gaban mai unguwa ko duba-gari. Kududdufan da a da suke shanye ruwan unguwa, da yawa an cike su an yi gini, saura duk Jakara yake nufa. Sannan ruwan kwamin nan nauyinsa tan 12 ne. Idan ya jingina da katangar ƙasa yana tsatsafowa, damina ɗaya ta isa, kuma katangar sau da yawa ta maƙwabci ce. Wanda ke tunanin ɗora kwami a saman dakin, don Allah ya nemi injiniya kafin ya sayi bulo.

A ganina, wanda ba shi da rijiya ko burtsatse tasa, kuma ba shi da fili ko lambun da zai sha ruwan da ya zubar, kada ya wuce kifi ɗari biyu zuwa uku a gida. Ƙananan kwami uku sun fi babba ɗaya: kana ware manya daga ƙanana don kada su cinye juna, kuma idan ɗaya ya ɓaci ba duka jarin ya tafi ba. A kuma duba lokacin zubi. Wanda ya zuba a Nuwamba, sanyi zai hana kifin ci, sannan su zo yin nauyi a tsakiyar bazara. Wanda ya zuba a farkon Yuni yana da ruwan indararo har Satumba, ya kwashe kafin hunturu ya kankama.

Ƙungiyoyi kuma su daina tsayawa a sarin abinci kawai. Kayan gwajin amoniya da pH guda ɗaya zai ishi mutum ashirin idan aka ɗora wa mutum ɗaya alhakin zagayawa duk mako yana rubutawa. Mafi dacewa ma shi ne a raba aikin: renon 'ya'yan kifi na wata ɗaya zuwa biyu a yi shi a gidajen cikin gari, inda mata ke iya kula da shi kuma ruwan da yake ci kaɗan ne, girmar da su kuma a kai fili ɗaya na ƙungiya a bayan gari, wajen Kura ko Wudil, da famfon sola, ruwan da aka zubar ya gangara kan alayyafo da latas. Kafin a karɓi kuɗin kowa, a auna lita nawa burtsatsen wurin ke bayarwa a awa ɗaya, kuma a auna a watan Afrilu, ba a Agusta ba.