A tambaye ta a ɗakinta, ba a ƙofar asibiti ba

Tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga a Birnin Gwari a ƙarshen 2024, kasuwar shanu ta dawo ci, motoci suka koma bin hanyar Kaduna ta Udawa da Buruku, baƙin da suka daɗe da ɗauke mana ƙafa sun fara leƙowa. Cikinsu ba a rasa masu rataye da jaka cike da takardun tambayoyi. Na yi aikin shiga gida-gida da irin waɗannan takardu a unguwannin Magajin Gari tun ina sabuwar ma'aikaciyar lafiya, saboda haka ina da ta cewa a kan wadda ake yayi yanzu a duniya, mai auna yadda aka riƙe mace lokacin da take kan gwiwa.

Ina goyon bayan awon. Shekara da shekaru lissafinmu bai wuce abu biyu ba: uwa ta tashi, ɗa ya zo da rai. In an samu haka, sai barka. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce wulaƙanta mace a ɗakin haihuwa tauye haƙƙi ne, a 2019 kuma aka buga binciken da ta jagoranta a Nijeriya da Ghana da Gini da Myanmar. An tambayi mata 2,672 bayan sun koma gida, fiye da ɗaya cikin uku suka ce an doke su, ko an zage su, ko an nuna musu wariya. Masu ƙananan shekaru da waɗanda ba su yi boko ba su suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Wato dai irin matanmu.

Takardun ba a nan aka haife su ba. Akwai ta Suwidin mai tambaya 22, wadda ta fito a 2010. Akwai wadda Dokta Patience Afulani, 'yar Ghana, ta tsara da abokan aikinta a Kenya a 2017, mai tambaya 30; da aka kai ta Indiya aka gwada, 27 ta koma. Ƙa'idar kai irin wannan takarda wani harshe sananniya ce. Mutum biyu su juya ta zuwa Hausa, kowa shi kaɗai. Wani da bai taɓa ganin ta asali ba ya mayar da ita Turanci, a ga inda ma'ana ta zame. Masana su zauna su daidaita. Sannan a karanta wa mata kaɗan tambaya ɗaya-ɗaya, a ce kowacce ta faɗi abin da ta fahimta da bakinta. Daga nan a gwada a kan ɗaruruwa, a koma wa wasu bayan mako biyu a ga ko amsarsu na nan. Tamkar duba mudu ne kafin a fara awo a kasuwa.

Duk wannan daidai ne. Inda nake da ja shi ne wurin da aka saba yin gwajin: babban asibitin birni, ranar sallama, a kan benci kusa da ƙofa, mai tambaya sanye da farar riga.

Ku dubi matar da ke zaune a bencin nan. Jiya ta sauka, ɗinki na ja, jariri na hannun gwaggonta, maigida na waje yana ciniki da mai mota. Nas ɗin da ta daka mata tsawa da daddare tana kai da kawo a gabanta, kuma wurinta za ta dawo da yaron rigakafi, wurinta za ta dawo da cikin gaba. Aka ce mata, “Baiwar Allah, an mutunta ki?” Me kuke jira ta ce ban da “Alhamdulillahi, lafiya lau”? Ba ƙarya ta yi ba. Ta fito da ranta, a wurinta ƙorafi a wannan rana butulci ne ga Ubangiji. In kuma haihuwar fari ce, ga kunya ta ƙaru a kai. Yarinyar da aka hore ta kada a ji ko nishinta tana naƙuda, wadda ba za ta kama sunan ɗan nan ba har ya girma, ita ake so ta zayyana wa baƙo yadda aka duba ta.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake haka ba. A wani babban asibiti na Darussalam ta Tanzaniya, binciken da aka buga a 2016 ya tambayi mata kafin a sallame su, kashi 15 cikin 100 suka ce an wulaƙanta su. Da aka bi wasunsu gida bayan 'yan makonni, adadin ya tashi zuwa kashi 70. Asibiti ɗaya, haihuwa iri ɗaya, wurin zama da lokaci ne kawai suka canja. Takardar da aka gwada a ƙofar asibiti za ta iya cin kowace jarrabawar lissafi, domin “lafiya lau” amsa ce da ba ta sauyawa ko sau goma aka maimaita tambayar. Sai a buga mata hatimin inganci alhali kawaicinmu ta auna.

Ni na ga bambancin da idona. Mai jego takan buɗe baki ne wajen arba'in, an kusa gama wanka, jiki ya dawo, ana zaune a ɗaki da kofin kunun kanwa, surukuwa ta fita, mai tambayar kuma mace ce da ta taɓa haihuwa. Ba kuma da amsar e ko a'a take farawa ba. Labari take ɗaukowa tun daga lokacin da faya ta fashe, a tsakiyarsa za ki ji an yi mata ƙari ba a gaya mata ba, sai da ta ji almakashi.

Su kansu tambayoyin suna buƙatar a zauna da su. Takardar Kenya tana tambaya ko ma'aikata sun kira mace da sunanta, a matsayin alamar girmamawa. A nan, uwar 'ya'ya bakwai da yarinya sa'ar 'yarta ta ƙwala wa kira da sunan yanka a gaban jama'a ba za ta ce an girmama ta ba. “Mama” ko “Hajiya” take jira. Ana tambaya ko an bar wanda take so ya zauna da ita. In mai tambaya ta sa miji a ranta, ta ɓata amsar, domin yawancin matanmu kaka ko gwaggo ko yaya suke so a kusa. Tambayar da ta fi burge ni ita ce ko an bar ta ta haihu a yanayin da ta zaɓa. Na san mata da yawa da ba abin da ya raba su da asibiti sai kwanciya rigingine, ƙafa a sama, babu labule, su da suka saba durƙuso.

Sai babbar magana. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne ake yi a asibiti a Nijeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kusan kashi 16. Takardar da ba ta san kowa ba sai wadda ta haihu a gadon asibiti ta bar mafi yawanmu a waje. A ƙasar Birnin Gwari abin ya wuce zaɓi. Matan Randagi da Kakangi da Kuyello da Dogon Dawa sun yi shekaru suna naƙuda dare ya yi ba mai iya fita. A ƙarshen 2021 an katse layukan waya, an hana hawa babur, wanda shi ne motar asibitin ƙauye. Akwai waɗanda suka haihu a hanyar gudu daga bakin dajin Kamuku, akwai waɗanda suka haihu a ɗakin aro a nan cikin gari. Wace tambaya cikin talatin ɗin nan ta tanadar musu wuri? Dole a ƙara: tun yaushe naƙuda ta fara kafin a samu abin hawa, wa ya ba da izinin fita, wa ya karɓi haihuwar, an kwana da tsoro ko ba a kwana ba.

Ba ina neman a rataye ma'aikatan jinya ba ne, ni ma daga cikinsu na fito. Na san daren da ungozoma ɗaya ke kan mata uku da fitilar waya a baki. Awo na gaskiya ita ma zai taimake ta, domin takardar Kenya tana tambaya har da ruwa da wuta da cunkoso, kuma amsar nan ba laifin nas ba ce, ta masu kasafin kuɗi ce a Kaduna.

Saboda haka duk jami'a ko ƙungiyar da za ta juya irin wannan takarda zuwa Hausa, ta sa ungozomomin gargajiya da malaman Islamiyya mata a teburin masana, ta yi gwajin a gidaje bayan arba'in, ta haɗa da matan da aka raba da ƙauyukansu. In an gama, a dawo da sakamakon da Hausa, a karanta shi a gaban kwamitin lafiya na mazaɓa da shugabannin asibiti da matan da suka ba da amsa, kafin a kai shi wani taro a Abuja.