Idan Iyaye Suka Kau, Wa Zai Riƙe Su? Makomar Matasa Masu Raunin Fahimta A Nijar

 

Kowace shekara ranar 3 ga watan Disamba ana bikin ranar nakasassu ta duniya, kuma ba a barin Nijar a baya. A taru a Yamai da manyan biranen jihohi, a yi jawabai, a raba kekunan guragu da sandunan makafi, a watse. Wannan ba laifi ba ne. Sai dai duk wanda ya dubi rumfar taron da kyau zai lura akwai waɗanda da wuya a ga kujerarsu, wato masu raunin fahimta, waɗanda ƙwaƙwalwarsu ba ta ɗaukar abu da saurin da ta sa'o'insu ke ɗauka. Makafi suna da sarkinsu tun kaka da kakanni, guragu ma haka, kutare ma haka. Kurame suna da maganar hannu da ƙungiyarsu. Shi kuwa wannan bawan Allah ba shi da sarki, ba shi da bakin da zai kai kukansa, sunan da unguwa ta san shi da shi kawai shi ne dolo ko gaula.

Da farko a raba tsakanin abubuwa biyu da muke cakuɗawa. Raunin fahimta ba hauka ba ne. Mai taɓin hankali ciwo ne ya same shi, yakan tashi yakan kwanta, kuma yana da magani. Mai raunin fahimta kuwa tun yana ƙarami haka yake: ya yi jinkirin tafiya, ya yi jinkirin magana, lissafin kuɗi na ba shi wuya, amma yana koyo idan aka bi shi a hankali. Dalilansa sanannu ne wurin likitoci. Akwai doguwar naƙuda da ke hana jariri numfashi, akwai shawara mai tsanani a kwanakin farko, akwai zazzaɓin cizon sauro da ke hawa kai, akwai ƙarancin sinadarin aidin a abincin mai ciki, akwai tamowa, akwai kuma wanda aka halicce shi da shi tun a ciki. Ga sanƙarau, wanda ƙasarmu take tsakiyar yankinsa. A annobar shekarar 2015 kaɗai mutum fiye da 8,000 suka kamu a Nijar, fiye da 500 suka rasu. An ƙidaya mamata. Yaran da suka tashi da kurumta ko raunin ƙwaƙwalwa kuwa gida aka mayar da su, kuma da yawansu yau samari ne da 'yan mata. Ba 'yan ruwa ba ne, ba kuma alhakin wani ne ya kama iyayensu ba.

A takarda, Nijar ba ta yi sakaci ba. Tun shekarar 1993 akwai dokar kare nakasassu, wadda ta ce duk ma'aikatar da ke da ma'aikata 20 ko fiye ta keɓe musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, a ƙarshen 2019 kuma aka yi sabuwar doka kan shigar da su cikin al'umma. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu nakasassu sama da 700,000, kusan kashi 4 cikin 100 na 'yan ƙasa. To amma a tambaya, wa ke cin gajiyar kashi 5 ɗin nan? Mai takardar shaidar karatu ne. Makahon da ya yi makarantar makafi ta Yamai har ya kai jami'a zai iya neman haƙƙinsa, kuma ya cancanta. Yaron da ya maimaita aji biyu sau uku har malami ya ce wa ubansa a bar shi a gida, wace takarda zai nuna? Balle ma mafi yawan 'yan Nijar ba aikin albashi suke yi ba, noma ne da kiwo da kasuwa da sana'ar hannu, inda babu dokar da ke ƙirga gurabe.

Shi ya sa nauyin yake komawa kan uwa. Yana ƙarami ta goya shi, ta yi masa wanka, ta kare shi daga jifan yara. Wahalar gaske tana farawa ne daga shekara goma sha biyar zuwa sama. Jiki ya girma, sha'awa ta zo, sa'o'insa sun tafi koyon sana'a ko ci-rani, ƙannensa sun yi aure sun bar shi. Namiji sai ya zama abin wasan 'yan zaman majalisa, ko ɗan aiken masu sayar da ƙwaya, ko a ɗaure shi da mari don kada ya fita. Mace kuwa abin ya fi muni, kuma ya kamata a faɗe shi a fili: ita ce wadda fasiƙai ke fako, domin sun san ba za ta iya ba da labari yadda za a yarda da ita ba. A aika ta talla, ta dawo da ciki, a rufe magana saboda kunya. Uwar kuma tsufa take yi, kuma abin da ke hana ta barci bai wuce tambaya ɗaya ba: ranar da na mutu, wa zai riƙe shi?

'Yan uwa, wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a fiƙihu. Malamanmu na Malikiyya suna da babi guda a kan hana mutum sarrafa dukiyarsa saboda ƙuruciya ko rashin hankali ko wauta, kuma ɗalibai suna karanta shi a zaure. Tushensa aya ta 5 da ta 6 ne a Suratun Nisa'i. Ta farko ta hana a miƙa dukiya ga wanda ba zai iya tattalinta ba, amma ta yi umurni a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta, a kuma yi masa magana mai kyau. Ta biyu, wadda ta zo kan marayu, ta yi umurni a riƙa jarraba su, idan aka ga shiriya a miƙa musu abinsu a kafa shaidu. Mu kuwa sai muka riƙe rabin hukuncin, wato hanawa, muka watsar da jarrabawa da ciyarwa da shaidu. Nawa ne daga cikin irin waɗannan aka raba gado aka ce wa yayansu ya riƙe musu gona, shekara goma babu wanda ya tambayi ko dami nawa ta bayar? Dukiyar nan tasa ce. Don tasa ce ma Imam Malik ya ce a fitar da zakka daga cikinta, kuma an ruwaito daga Sayyidina Umar cewa a juya dukiyar marayu kada zakka ta cinye ta. Mai riƙo wakili ne, ba magaji ba.

Akwai ƙissar da ta fi kowace dacewa da wannan magana. A Madina an yi wani sahabi mai rauni wajen ciniki, ana yawan cutarsa a kasuwa. Masu sharhin hadisi sun ce Habban ɗan Munƙiz ne, wasu suka ce mahaifinsa, kuma rauni ne ya taɓa samu a ka. Danginsa suka je wurin Annabi (SAW) suna neman a hana shi saye da sayarwa. Annabi ya kira shi ya yi masa magana, shi kuma ya nuna ba zai iya haƙura da kasuwa ba. Sai Annabi bai rufe shi a gida ba. Ya koya masa ya riƙa gindaya sharaɗin babu yaudara a duk cinikin da zai yi, a wata ruwaya kuma aka ba shi zaɓin kwana uku ya mayar da kaya idan bai gamsu ba. A lura da abin da aka yi a nan: mutumin yana kasuwarsa, kasuwar ce aka ɗora wa nauyin kada ta cuce shi. Abin da masana na yau ke kira tallafa wa mutum ya yanke shawarar kansa, asalinsa ke nan a wurinmu.

Idan aka ɗauki wannan da gaske, aikin ba na kuɗi masu yawa ba ne. Sana'a tun yaro yana ɗan shekara goma sha biyu ake fara nema masa, kuma ba kowace ba. Wadda ake maimaita aiki ɗaya ita ta fi: kiwon awaki da kaji, ban ruwa a garka, saƙar tabarma, wankin babur, shirya kaya a shago, sussukar gero, ƙulla gyaɗa da yaji. A raba aikin gutsi-gutsi, a nuna da hannu maimakon dogon bayani, a haƙura da maimaici. Abin da wani zai koya a wata uku shi yana iya ɗaukar shekara biyu. Gwamnati tana da cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi, akwai kuma asusun FAFPA da aka kafa don tallafa wa koyon sana'a, kuma haƙƙin iyaye ne su je su ƙwanƙwasa. Amma ubangidan da ya fi amfani shi ne telan unguwa ko makiyayin da ke sahu ɗaya da uban yaron a sallar asuba, wanda liman zai iya kira ya ce ga amana. Sharaɗi ɗaya ne, a biya shi ladansa. Wanda ke wuni yana ɗiban ruwa a ba shi ragowar tuwo ba koyon sana'a yake ba, bauta yake.

Haka ibada. An ɗauke alƙalami daga wanda ba shi da hankali, gaskiya ne, amma yawancin waɗannan suna da hankali gwargwadon nasu, kuma an ɗora musu gwargwadon abin da suke ganewa. Wanda ya iya Fatiha da alwala a bar shi ya shiga sahu, kada ladan ya kore shi. Yarinya a koya mata tsarki da al'ada tun kafin ta zo, a koya mata a fili inda ba a yarda kowa ya taɓa ta ba, a kuma gaskata ta in ta yi magana.

Maganar aure ita ce mafi nauyi. Shari'a ba ta haramta musu ba, ta dai rataya shi ga waliyyi da maslahar shi mai auren. Abin da bai halatta ba shi ne ɓoye wa ɗaya ɓangaren gaskiya, ko a aurar da yarinya ga dattijon da ke neman mai aikin gida kyauta don iyaye su huta. Wasu za su iya zaman aure idan dangi na kusa suna dubawa, wasu ba za su iya ba, kuma wanda ya san mutumin ne zai tantance, ba mai neman sauke kaya ba.

Saura tambayar uwa. Amsarta wasiyya ce, kuma uba ne ke da ikon naɗa wasiyyi tun yana raye. Ya zaɓi wanda ya yarda da amanarsa, ya kira liman da shaidu biyu, a rubuta sunan mai riƙo, a rubuta ɗakin da yaron zai zauna, da gona ko dabbobin da za a ciyar da shi daga gare su. A yi takarda biyu, ɗaya a gida ɗaya wurin liman ko mai gari, a kuma sa lokaci, ko da bayan girbi ne, da mai riƙo zai zo gaban shaidun ya faɗi abin da ya shiga da abin da ya fita.