Ra'ayinmu: A Ji Tausayin Majiyyaci

Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, amma saɓanin ma'aikatan asibiti a kan majiyyaci yake ƙarewa. A 2018 ƙungiyar JOHESU, wadda nas-nas ke cikinta a lokacin, ta yi yajin aiki na wajen mako 6 kan gyaran albashi, ƙungiyar likitoci kuwa ta ja daga. Talakawa suka koma gida ba magani.

A Mubi, inda majiyyata ke zuwa har daga Kamaru, mu a ganinmu ƙarancin ma'aikata shi ne tushen gunaguni kan aikin dare. Muna kira ga Gwamnatin Jihar Adamawa da ta ƙaro ma'aikatan jinya, a kuma raba aiki bisa adalci, babu 'yan mowa babu 'yan bora. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.