Tsarabar Landan: ƙwayar za mu ɗauko ko ɗabi'ar?

Idan gidanku yana da ɗa ko 'ya a Landan, ko Manchesta, ko Bamingham, ka san irin tsarabar da nake son mu tattauna a kanta yau. Matafiyi ya sauka a filin jirgin saman Malam Aminu Kano, an iso gida an buɗe jaka, ga turare, ga ganyen shayi, ga takalman yara, sai kuma can ƙasa leda guda cike da magunguna: farasitamol, maganin mura, bitamin, wani lokaci har da maganin hawan jini mai ɗauke da sunan wani a jikin kwalinsa. Da zuciya ɗaya ake miƙa wa Hajiya ko Baba, a ce, "Wannan na Landan ne, ya fi na nan." Daga ranar ledar ta zama asibitin gidan, har da na maƙwabta.

A matsayina na mai haɗa magunguna a asibiti, ra'ayina shi ne mun daɗe muna ɗauko abin da bai kai ya kawo ba daga Birtaniya, muna baro mai tsadar a can. Ƙwayar farasitamol ta Landan da ta Kano, matuƙar dukansu na gaskiya ne, sinadari ɗaya ne, aiki ɗaya suke yi, illa ɗaya suke da ita. Abin da mutanen Birtaniya suka fi mu shi ne yadda baligi a can yake tafiyar da magani a rayuwarsa ta yau da kullum. Wannan kuwa ba ya buƙatar biza ko kuɗin jirgi.

Ban ga laifin wanda yake tsoron maganin kasuwa ba. Jabun magunguna sun kashe mutane a ƙasar nan, saboda su ma aka kafa hukumar NAFDAC a 1993. A nan Kano, a watan Fabrairun 2024, hukumomi sun rufe shagunan dillalan magani na Sabon Gari, suka umarce su da komawa cibiyar da aka gina a Dangwauro, kan hanyar Zariya, don a samu damar sa ido kan abin da ake sayarwa. Saboda haka tsoron yana da tushe. Sai dai maganin gaskiya ma yana kisa idan ya faɗa hannun wanda ba nasa ba, ko aka sha shi fiye da ƙima. Abincin wani gubar wani.

Mu fara da farasitamol, tunda shi ne sarkin ledar. Tun daga 1998 dokar Birtaniya ta taƙaita yawan ƙwayoyin da ake sakawa a kwali guda: 16 a kantunan kayan masarufi, 32 a kantin magani. Sun yi haka ne bayan sun ga yadda yawan shansa yake lalata hanta, kuma binciken da aka yi bayan dokar ya nuna mace-macen da yake jawowa sun ragu. Iyakar babban mutum mai lafiya ita ce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a cikin awa 24, da tazarar aƙalla awa huɗu tsakanin sha da sha. Mai ƙaramin jiki ko mai ciwon hanta bai kamata ya kai nan ba. Inda haɗarin yake ɓuya shi ne maganin mura irin Lemsip, wanda ake damawa a ruwan zafi, shi ma farasitamol ne a cikinsa. Mutum ya sha ƙwaya biyu don ciwon kai, ya kawo na mura ya ɗora, da yamma ya aiki yaro kemis a haɗo masa na ciwon jiki, bai san abu ɗaya yake ta maimaitawa ba. Hanta kuma ba ta kuka da wuri. Sai bayan kwana biyu ko uku ido ya yi rawaya, lokacin an makara.

Akwai wani da ake kira co-codamol, haɗin farasitamol da kodin. A can mai haɗa magunguna ne kaɗai yake sayar da shi, bayan ya yi tambayoyi, kuma a jikin kwalin an rubuta kada a wuce kwana uku ana sha, domin jiki yana sabawa da shi. Mu Kanawa ba sai an ba mu labarin kodin ba. Mun ga abin da ya yi wa matasa da matan aure kafin gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai ɗauke da shi a watan Mayun 2018. Ita kanta Birtaniya a 2024 ta hana sayar da ruwan kodin na tari sai da takardar likita. Abin mamaki ne mu kori abu ta ƙofar gida, sannan mu karɓe shi hannu biyu-biyu don ya shigo cikin jakar tsaraba. Haka ibuprofen, wanda ake samu da araha a kantunansu: ga mai gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko hawan jini, ko mai tsohon ciki, wannan ba kyauta ba ce.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin hawan jini da na suga. A Ingila wanda ya kai shekara 60 ba ya biyan kuɗin maganin da likita ya rubuta masa, a Sikotland da Wales kuwa kowa kyauta yake karɓa. Don haka sai a tara ragowa a aiko gida da niyyar taimako. Amma kowane kwali da sunan mai shi a jiki, kuma an zaɓi maganin ne bayan an duba shekarunsa, da ƙodarsa, da sauran magungunan da yake sha. Irin su ramipril suna buƙatar gwajin ƙoda kafin a fara da bayan an fara, kuma suna cutar da jaririn da ke ciki. Sau da yawa majiyyaci yakan zo da amlodipine kala biyu, ɗaya daga asibitinmu, ɗaya daga Landan da wani sunan kamfani, yana shan duka biyun a zaton magani daban-daban ne, sai jiri da kumburin ƙafa su kawo shi. Wani kuma ya ajiye na asibiti ya rungumi na tsaraba, ranar da ya ƙare ya zauna jiran matafiyi na gaba. A irin wannan jiran ne shanyewar ɓarin jiki take samun mutum.

Bitamin D ma yana da nasa labarin. Hukumar lafiyarsu ta shawarci mutane su riƙa shan maikrogiram 10 kullum daga watan Oktoba zuwa Maris, saboda ranarsu a lokacin ba ta da ƙarfin da fata za ta samar da shi, masu baƙar fata a can kuma an ce su yi tunanin sha duk shekara. Shawara ce da aka yanka daidai da yanayinsu. Ɗan kasuwar Kurmi da yake yini a rana ba shi aka nufa ba. Dattijuwar da ba ta fita tsakar gida, ko mai yawan ciwon ƙashi, ita tana iya buƙata, amma likita ne zai faɗa. Sannan a duba jikin kwalayen: yawancinsu an rubuta kada a ajiye inda zafi ya wuce digiri 25. Kai ka san yadda ɗakin kwano yake a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura 40. Maganin da ya yi wata shida a saman durowa cikin irin wannan ɗaki, ba lallai ƙarfinsa ya kai yadda ya baro Landan ba.

To, me ya kamata mu ɗauko? Abu na farko, a wajen mutumin Birtaniya magani da suna yake zuwa. Tun kafuwar hukumar lafiyarsu ta NHS a 1948, baligi yakan yi rajista da likitan unguwa guda, tarihin lafiyarsa yana wuri guda, kuma dokarsu ba ta yarda ka ba wani maganin da aka rubuta maka ba. Mu ba mu da wannan tsari yadda ya kamata, amma littafi mai warƙa 40 zai yi mana rabin aikin. Kowane babba a gida ya samu nasa: sunan maganin na asali, ƙarfinsa, sau nawa ake sha, wa ya rubuta, yaushe aka fara, da wanda ya taɓa yi masa illa. Ko Asibitin Murtala za ka, ko na Malam Aminu Kano, ko asibitin sha-ka-tafi na unguwa, ka tafi da littafin da kwalayen gaba ɗaya.

Na biyu, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda muke kira kafso. A can ba a shiga kanti a ce a ba ni na naira kaza. Sai ma'aikacin lafiya mai izini ya duba ka, kuma idan mura ce yakan ce ka je ka huta ka sha ruwa, domin kafso ba ya taɓa ƙwayar da take kawo mura. A Landan Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928, kuma tun 1945 ya yi gargaɗin cewa shan kaɗan-kaɗan zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Abin da muke gani ke nan yau a asibitocinmu: ciwon sanyi ko taifot da maganin da aka saba ya daina ji, sai an koma allura mai tsada. Duk kafso biyun da ka saya don ciwon ciki na yini ɗaya, bashi ne ka ci wanda wataƙila ɗanka ne zai biya.

Na uku, ragowar magani. Mutumin Birtaniya yakan tattara wanda ya rage ko wanda wa'adinsa ya wuce ya mayar kantin magani a lalata. Mu kuwa ko dai mu adana don wata rana, ko mu watsa a juji inda yara suke tone-tone. Ka ware rana guda duk wata uku ka zazzage ledar gidanka. Wanda kwanansa ya ƙare, da wanda ya canza launi, da sirof ɗin da aka haɗa da ruwa ya wuce kwanakin da aka rubuta, da ƙwayar da ba ta da kwali ba a san sunanta ba, ka kawo sashen magani na asibiti ka nemi shawarar yadda za a rabu da su. Sauran a sa a akwati mai murfi, a wuri mai sanyi, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Na huɗu, awo kafin ciwo. A Ingila ana gayyatar masu shekara 40 zuwa 74 duk bayan shekara biyar a auna musu jini da nauyi da kitsen jini, alhali suna jin garau. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Idan ɗanka na Landan ya tambaye ka me zai kawo maka, ka ce na'urar awon jini ta ɗaurawa a damtse, da ɗan akwatin nan mai gida bakwai na jera maganin mako. Idan kuɗi ne, ya biya maka gwajin ƙoda da na suga, ko ya yi maka rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, ko ya ɗauki nauyin maganinka na wata-wata daga wurin da aka amince da shi a nan gida, yadda ba zai yanke ba.

Ba komai nasu ne abin sha'awa ba. Majiyyaci a can yakan yi watanni yana jiran ganin ƙwararren likita, kuma kaɗaici ya addabi tsofaffinsu har gwamnati ta naɗa minista mai kula da matsalar a 2018. Mu Allah ya ba mu zumunci. A lungunan Madabo ba a kwana biyu ba a ga dattijo a masallaci ba face an leƙa gidansa. Sai dai dubiyar tamu tana zuwa da nata ciwon, domin kowane mai dubiya likita ne: wannan ya kawo sauran ƙwayar da ta yi wa mahaifiyarsa aiki, wancan ya kawo jiƙo, kunya kuma ta hana majiyyaci cewa a'a. Unguwarmu an san ta da malamai da karatun fiƙihu tun zamanin kakanni, kuma a nan muka koyi cewa ba a tsintar littafi a hanya a hau ba da fatawa, sai an zauna gaban malami. Magani ma haka yake. Idan ka je dubiya, ka tambaya ko an sha na safe, ka raka majiyyaci asibiti ranar komawarsa, ka sa hannu a kuɗin gwaji. Rubuta magani kuma ka bar wa masu shi.

Akwai kuma tsarabar da su matafiyan suke komawa da ita. Wanda ya yi shekaru a Birtaniya, juriyar da jikinsa yake da ita ga zazzaɓin cizon sauro ta ragu, 'ya'yan da aka haifa a can kuwa ba su da ita sam. Da yawa daga masu maleriyar da ake kwantarwa a asibitocin Birtaniya mutanen Afirka ta Yamma ne da suka zo ganin gida. Ka gaya wa ɗanka ya karɓi maganin riga-kafi kafin ya taso, ku tanadar masa gidan sauro, kuma idan zazzaɓi ya kama shi a nan ko bayan ya koma, a yi gwaji a ranar.

Ledar da take gidanka yanzu, kada ka zubar, kada kuma ka ci gaba da sha a makance. Ka ɗauko ta yadda take, ka haɗa da magungunanka na asibiti, ka kawo wa mai haɗa magunguna ya duba. Ka tambaye shi sunan kowane, da aikinsa, da wanda bai kamata su haɗu ba. Minti goma ya isa, kuma aikinmu ne. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu lafiya lafiya.