Wanda Ya Tafi Taron Malamai A Santambul Ya Tafi Da Haja

A cikin watan Satumba na shekarar 1951 malamai masu binciken ilmin ƙasashen gabas suka hallara a birnin Santambul, suka yi taronsu na 22, wani malamin tarihi da a ke kira Zaki Walidi Togan shi ne ya shugabance su. Asalin taron nan a Faris ta ƙasar Faransa aka fara shi a 1873, kuma mafi yawan masu zuwansa Turawa ne waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu wajen karatun Larabci da Farisanci da Turkanci. Tun daga wannan lokaci taruka irin wannan ba su yanke ba a birnin, har ya zamana malaman ƙasar Hausa ma a kan aiko musu da takardar gayyata. Abin dubawa shi ne, me ya kamata wanda aka kira ya tafi da shi, me kuma zai komo da shi.

Waɗansu malamai suna ƙyamar taron, wai don tushensa na Nasara ne. Lalle akwai abin zargi cikin aikin waɗansu daga cikinsu, har su da kansu sun jefar da sunansu na dā na masu nazarin gabas a taron Faris na 1973. Amma fa ƙin zuwa ba ya hana a yi magana a kan littattafan Shaihu Usmanu da Abdullahi na Gwandu da Muhammadu Bello, sai dai a yi ta ba mai su a wurin. Waɗansu kuwa su kan tafi, su ziyarci kabarin Abu Ayyubal Ansari, su zaga babbar kasuwar nan mai rufi wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Fatihu, su sayo carbi da darduma, su komo. Ziyara abu ne mai kyau, ciniki kuma halal ne, sai dai ba don su aka biya kuɗin jirgi ba.

Garin nan ba ƙaramin gari ba ne ga ma'abucin littafi. Sarakunan Turkawa Banu Usmanu sun zauna Bursa da fari, sa'an nan Adarna, kana suka ci Kustantaniyya a 1453, watau 857 ta Hijira, ta zama mazaunin mulkinsu har aka mai da shi Ankara a 1923. Cikin waɗannan ƙarnuka sarakai da wazirai suka yi ta sayen littattafai daga Misra da Sham da Iraƙi suna waƙafinsu, aka zo aka tattara da yawa a ɗakin karatu na Sulaimaniyya, kusa da masallacin da magini Sinan ya gama a 1557. Dubun dubatan littattafan rubutun hannu ne a can, mafi yawansu da Larabci. Cikin tarin littattafan Aɗif Afandi kuma akwai Muƙaddima ta Ibnu Haldun wadda ta ke ɗauke da rubutun hannunsa shi da kansa. Almajirin da ya sauke Ishiriniya da Muƙama a zauren malaminsa yana iya karanta waɗannan da sauƙin da Bature ba ya samu sai bayan wahalar shekaru.

Har wa yau akwai abin da ya shafi fatake. Mai Idirisu Aloma na Barno ya aika da manzo zuwa ga Sarki Muradu na uku, kwafin amsar da aka ba shi a 1577 yana nan cikin kundayen mulkin Turkawa a Santambul, tare da umarnin da aka aika wa hakimansu na arewacin Afirka cewa a kiyaye lafiyar ayarin fatake da alhazan Barno masu ratsa ƙasarsu. Limaminsa Ahmadu ɗan Fartuwa kuma ya ambaci Turkawa 'yan bindiga cikin rundunar Mai. Wani Bature ne, B. G. Martin, ya fitar da takardun nan ya yi sharhinsu a 1972. Ke nan labarin hanyar Fezzan, wadda kakannin mutanen ƙasar nan suka bi da raƙuma, wani ne ya tono musu shi, alhali kuwa ƙofar ɗakin ba a kulle ta ke ba.

Babban abin da ya kamata mai rubutu da ajami ya tsaya ya duba kuwa shi ne abin da ya auku a 1928. Ran 1 ga Nuwamba na shekarar nan majalisar Turkiyya ta kafa doka a bar haruffan Larabci a koma na Rumawa. Masu dokar suna da hujja wadda ba a rena ta: harshen Turkawa yana da wasula 8, rubutunsu na dā kuwa galibi ba ya sa wasali, masu iya karatu kuma kaɗan ne ƙwarai, bayan canjin suka yawaita. To amma an biya tsada. Yau baƙo ya kan ga ɗan gari tsaye gaban dutsen kabarin kakansa ba ya iya karanta sunan, sai ya nemi wanda ya koyi tsohon rubutu a jami'a. Shekara 3 kacal bayan dokar, a 1931, aka sayar wa mutanen Bulgariya tulin takardun mulki a kan kuɗin tsummar takarda, waɗansunsu suna Sofiya har yanzu.

Hujjar Turkawa ba ta hau kan Hausa daidai ba, zama ajamin Hausa yana sa fataha da kisira da rufu'a da imala a kan kowane harafi, yaron makarantar allo ba ya tuntuɓe a kansa. Ba doka ce ta hana shi a nan ba, sakaci ne ke cinsa a hankali, kamar yadda aka cire shi daga ƙananan takardun kuɗi na naira a 2007. Gafakoki cike da waƙoƙi da wasiƙu da lissafin bashin fatake suna jibge cikin sorayen Kano da Sakkwato da Katsina da Zazzau, gara da ɗigon damina suna aikinsu, magada kuwa ba su san abin da ke ciki ba.

Saboda haka malamin da aka gayyata ya yi kamar falke, wanda ba ya shiga kasuwa hannu sake. Tun kafin ya tashi ya bi gidajen malaman garinsu, ya rubuta sunayen littattafan da ke wurinsu da masu wallafa su da shekarar da aka kwafe su, ya ɗauki hoton abin da aka yarda masa, ya ajiye kwafi ɗaya a Gidan Arewa na Kaduna ko gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ɗaya ya tafi da shi ya karanta a gaban taro. Kadan an tashi, ya ƙara kwana 3 ko 4 a Sulaimaniyya, inda yanzu a kan nuna wa mai bincike hoton littafi ta kwamfuta, a kuma sayar masa da kwafi. Attajiran da su kan ɗauki nauyin tafiyar malamai su ma ya kamata su sa kuɗin waɗannan kwanaki da na kwafin cikin guzuri, su kuma tambayi malam sunan littafin da ya komo da shi.