Abin Kiɗan Da Ba A Taɓawa

Akwai waɗansu masu sha'awar kiɗa da su ke ta yayata cewa wai duk abin kiɗan da a ke haɗawa da lantarki yaudara ne, na'ura ke yin aikin, makaɗi kuwa tsayawa kawai ya ke yi gaban jama'a ya karɓi tafi. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa tsayawa gaban teremin ba.

A 1920 ne wani masanin kimiyya na Rasha, Leon Theremin, ya ƙera wannan abu. Akwati ne mai sandar ƙarfe a tsaye ta dama, da wani ƙarfe lanƙwasasshe kamar zobe ta hagu, kuma ba a taɓa ko ɗaya. In hannun dama ya kusanci sandar sai murya ta hau, in ya janye ta sauko. In na hagu ya kusanci zoben sai ƙara ta ragu har ta ɗauke. Dalili kuwa, jikin makaɗin kansa ya zama wani sashe na hanyar wutar, saboda haka ko ɗan rangaji ya yi sai muryar ta kauce. Mai goge dai yana da tsirkiya ƙarƙashin yatsunsa, mai teremin kuwa ba shi da madogara sai iska da kunnensa.

Kamfanin RCA na Amurka shi ma ya ɗauka abin mai sauƙi ne. Ya fito da shi kasuwa a 1929, yana tallar cewa kowa zai iya, amma bai yi ciniki ba. Wadda ta fito da darajarsa ita ce Clara Rockmore, wadda ta ƙware a gogen Turawa tun tana ƙarama, ciwon hannu ya raba ta da shi. Sai da ta ƙirƙiro tsarin motsa yatsu na kanta kafin ta sarrafa shi. Da na'ura ke kiɗan, ina amfanin wannan wahala?

Masu suka su kan kafa hujja da Theremini na kamfanin Moog, wanda ya fito a 2014, mai amsa-kuwwa a ciki da maɓallin gyara muryar da ta kauce. Gaskiya ne maɓallin ya kan rufa wa ɗan koyo asiri. Amma ba shi ke zaɓar muryar da za ta biyo ba, ko lokacin da za ta shigo. Amsa-kuwwar ma ba ta san sani da sabo ba, in makaɗi ya yi kuskure sai ta maimaita wa jama'a shi har ya dusashe.