Sharhi: Rikicin emuleta da makomar wasannin gem da aka daina sayarwa

Da yawa daga cikin matasan da ke buga ƙwallo a waya a Damagaram, Maraɗi ko Kano, da manhajar PPSSPP suke bugawa. Manhajar tana cikin rukunin da ake kira emuleta, wato wadda ke sa waya ko kwamfuta ta kwaikwayi wata na'urar gem. Henrik Rydgård, ɗan ƙasar Suwidin, ya fitar da ita a 2012 domin kwaikwayon na'urar PSP ta kamfanin Sony.

Farin jininta bai rasa nasaba da sauƙi. Masu tura fina-finai da waƙoƙi a kasuwa suna zuba wasan a memori, abokai su raba ta Xender, kuma ba a buƙatar data kafin a buga. Irin wannan wasa ne ke iya isa ƙauyukan Damargu irin su Falanko, inda kuɗin sabuwar PlayStation ya fi ƙarfin yawancin gidaje.

Sai dai tun daga 2024 masu ƙirƙirar emuleta suke cikin matsi, kuma abin zai iya shafar mu.

Abin da ya faru

A watan Fabrairun 2024 kamfanin Nintendo ya maka masu manhajar Yuzu a kotu a Amurka. Ya yi zargin cewa manhajar tana karya makullin wasannin Switch, kuma an sauke wasan Zelda: Tears of the Kingdom fiye da sau miliyan ɗaya kafin ya shiga kasuwa a 2023. A watan Maris aka sasanta a kan dala miliyan 2.4, aka rufe Yuzu.

Rufewar ta haɗa da Citra, wadda ke kwaikwayon 3DS, alhali Nintendo ya rufe shagonsa na intanet na wannan na'ura tun Maris na 2023. A watan Oktoba kuma manhajar Ryujinx ta bi sahu.

A wannan shekarar dai kamfanin Apple ya buɗe wa emuleta ƙofa a shagonsa na App Store, har PPSSPP ta shiga. Ke nan manhajar a kan kanta ba haramtacciya ba ce. Tun a shekarar 2000 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba kamfanin Connectix gaskiya a shari'arsa da Sony kan kwaikwayon PlayStation. Rigimar tana kan makullai da kuma kwafin wasannin.

Wasannin da suka fi shiga haɗari

Domin gane abin da za a iya rasawa, sai a dubi ƙananan wasannin da ke zaune a cikin na'urorin hannu da ake haɗawa da babbar na'ura.

A 1998 kamfanin Sega ya fitar da Dreamcast tare da VMU, katin ajiya mai ɗan allo da maɓallai. Mai wasan Sonic Adventure yana iya tura wani ɗan wasa mai suna Chao Adventure cikin katin, ya cire shi ya sa a aljihu, ya yi ta renon halittarsa a hanya, sannan ya mayar da ita cikin babban wasan. An daina ƙera Dreamcast a 2001.

Sony ya fitar da tasa, PocketStation, a watan Janairun 1999, amma a Japan kaɗai aka sayar da ita. Wanda ya sayi Final Fantasy VIII a Turai ko Amurka yana da wasan Chocobo World a cikin faifansa, amma ba shi da na'urar buga shi.

Kwaikwayon irin waɗannan ya fi wahala, domin sai an kwaikwayi na'urori biyu tare da yadda suke musayar bayanai. Manhajar MAME tana kwaikwayon VMU da PocketStation. Sai a 2021 masu Dolphin suka saka mGBA a cikin manhajarsu, abin da ya sauƙaƙa buga wasannin GameCube masu buƙatar haɗawa da Game Boy Advance. Akasarin masu wannan aiki 'yan sa-kai ne. Allo yana mutuwa, faifai yana lalacewa, kuma kamfanonin ba sa ganin riba a sake fitar da ƙananan wasannin.

Binciken gidauniyar Video Game History Foundation na 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa. Duk da haka, a Oktoban 2024 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi amincewa ɗakunan karatu su ba masu bincike damar buga su ta intanet.

Ina ya shafe mu?

Na farko, idan matsin ya ƙaru, manhajojin asali za su iya ɓacewa daga shagunan waya, jabu su cike gurbinsu. Mai sauke fayil daga shafin da bai sani ba yana iya kwaso ƙwayar cutar kwamfuta a wayar da yake karɓar kuɗin 'yan uwansa na ƙetare da ita.

Na biyu, kamfanoni suna da hujja. Kwafar wasan da ke kasuwa cin gumin wani ne, kuma Kannywood ta san zafin satar fasaha. Amma bai kamata a haɗa wannan da ceto abin da mai shi ya daina sayarwa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya da aka sa wa hannu a Maris na 2023 ta hana karya makullan fasaha, ta kuma ware wa ɗakunan karatu da na adana tarihi wasu sassauci. Nijar kuwa tana bin yarjejeniyar Bangui ta ƙungiyar OAPI.

Na uku, muna da namu kayan da ke cikin wannan hali. Tun daga Turmin Danya na 1990, fina-finan Hausa sun zauna a kaset ɗin bidiyo da faifan CD da aka yi ta sayarwa a Ƙofar Wambai. Na'urorin kunna su suna ƙarewa, haka ma kaset-kaset na mawaƙa da na wa'azi.

Jami'ar André Salifou ta Damagaram, Jami'ar Bayero ta Kano da Arewa House a Kaduna za su iya buɗe rumbun adana irin waɗannan kaya bisa izinin masu su. Matasan da suka iya saita emuleta a waya suna da rabin ilimin da aikin ke buƙata. 'Yan ƙetare kuma za su iya taimakawa da na'urorin kwafa, kafin kaset ɗin da ke cikin akwatunan gidajenmu ya daina magana.